Farilla ta Bakwai

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Baffa ya riga mu. Ranar Litinin aka yi masa salla a Harami bayan azahar, muka raka shi Baƙi'a, muka dawo unguwar Harra ta Yamma muka tarar 'ya'yansa sun jera kujeru a layin gidan, yadda mutanen Madina suke karɓar gaisuwa.

Kwana uku aka yi ana zaman, ni kuma kwana uku ina kallon mutane ina mamaki. Malaman jami'a, abokan aikinsa Larabawa, suka zo suka ce an yi rashin masanin fiƙihu. Tsofaffin unguwa, 'ya'yan alhazan da suka zo ƙasar nan a ƙafa, suka yi ta bin mu da ido. Ɗayansu ya kasa haƙuri ya ce, "Ashe duk waɗannan ɗalibansa ne? Wallahi mu a zatonmu gidan tuwo ya buɗe." Babban ɗan Baffa yana zagayawa da gahawa, ana yi masa gaisuwa da Hausa yana amsawa da Larabci.

Mu kuwa tsofaffin ɗalibansa mun ba mutane kunya. Wani mutumin zangon Kumasi, hawaye na bin gemunsa, ya juyo ya tambaye ni, "Kai mako nawa ka yi?" Na ce bakwai. Ya ce, "Ni tara." Sai dariya ta ƙwace mana a tsakiyar makoki, Larabawan nan suna kallonmu kamar waɗanda rana ta buga.

Ranar Talata bayan la'asar aka ce Inna, matar Baffa, tana kirana. Na je na durƙusa gaban labulen da ya raba zaure da cikin gida. Ta amsa gaisuwata a gajarce, ta ce, "Ɗana, Malam ya tafi da shidar nan a bakinsa. Alhamis biyu ya faɗe ta ga sababbin ɗalibai, ba wanda ya gyara masa. Abin da na yi shekaru ina tsoro ke nan. Kai ne babba yanzu a cikin ɗalibansa da ke jami'a, ka san yadda za ka yi ka sauke masa."

Wanda bai zauna a zauren nan ba ba zai gane maganarta ba, don haka bari in koma baya.

A Madina aka haifi Baffa. Mahaifinsa ne ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya ratsa Sudan, ya zo ya zauna. Shi Baffa har ya koma ga Allah bai taɓa taka ƙasarmu ba, amma ban ga mai son labarinta kamarsa ba. Duk sabon zuwa sai ya tsare shi da tambaya. Da gaske ne mutum zai iya ɓuya a kogon kuka? Rijiyar garinku gaba nawa ce? Hausarsa ta tsofaffi ce, ya cuɗa ta da Larabcin Hijaz, har sai ka saba kafin ka daina murmushi.

Lokacin da jami'a ta fara karɓar baƙaƙen ɗalibai daga ƙasashenmu da yawa, ya lura cewa wasunmu ba sa tsallake shekarar farko. Kuma ba daƙiƙai ba ne, wasu da littattafai a ka suka zo. Ba wanda ya naɗa shi, ba ofishin da ya ba shi takarda. Shi ya ɗora wa kansa. Duk sabon ɗalibi sai ya haɗa shi da wani na shekara ta uku, ya ce ga yayanka. Sharaɗinsa ɗaya ne, yayanka ba zai zama ɗan ƙasarku ba. "In na haɗa Bakano da Bakano," in ji shi, "hirar Kano za su yi har a kore su tare." Ni mutumin ƙasar Zazzau ne, sai aka ba ni wani dogo mutumin Damagaram. Yayan nan nawa shi ya kai ni aka yi mini iƙama, wato takardar izinin zama, shi ya nuna mini motar da ake shiga zuwa Harami, shi ya hana ni durƙusa wa malamai a baranda, don a nan in ka yi haka sai a zaci wani abu ka yar kake nema.

Ranar Alhamis bayan la'asar duk mukan taru a zauren Baffa, sababbi a gaba, yayye a baya. A yi karatu, a yi magariba, Inna ta turo tuwo ta ƙarƙashin labule.

Alhamis ta farko, Baffa ya gyara zama a kan buzunsa ya ce, "Tayyib. Za mu fara daga inda kowa ya fara. Malikiyya suka ce farillan alwala shida ne." Ya shiga ƙirgawa da yatsu: niyya, wanke fuska, wanke hannaye zuwa gwiwa, shafar kai, wanke ƙafafu, gaggautawa. Ya tsaya. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Akwai mai magana?"

Ni da tun ina shekara shida na san bakwai ne, nan take na gane. Ya bar cuccuɗawa. Na saci kallon na kusa da ni, kansa a ƙasa. Na kusa da shi ma haka. Mu goma sha biyu, kowa ya sani, kowa ya ƙura wa tabarma ido kamar an rubuta amsa a jikinta. A hanyar komawa na tambayi yayana a hankali ko ya lura da wani abu. Ya ce, "Na lura miyar ta ji daddawa." Daga baya na san an hana yayye buɗe baki, su ma duk an bi da su ta nan.

Ban yi shiru don wauta ba. Ranar da zan bar gida mahaifina, wanda shi ma malami ne a zaurensa, ya raka ni tasha ya ce, "Garin Manzo za ka. Kada muryarka ta hau ta malami." Da wannan na zo, kuma da shi duk muka zo. A wurinmu ɗalibi ba ya gyara wa malami. In malami ya yi tuntuɓe, sai ka kau da kai, ka ce wataƙila akwai ƙaulin da ba ka kai ba.

Alhamis ta biyu ya sake. Ta uku ma haka. Kuma in an tashi yin alwalar magariba sai ya tsaya a bakin famfo yana kallonmu, kowa yana cuɗa gaɓoɓinsa tsaf. Sai ya girgiza kai ya ce, "Ajib. Hannu ya san abin da baki bai sani ba." Mu kuwa mu ce tsoho na magana da kansa.

Ana cikin haka aka yi mana jarrabawar baka ta farko. Wani malami mutumin Sham ya yi mini tambaya a babin azumi, na ba shi amsa, kuma amsar daidai ce, na rantse. Ya cire tabarau ya ce, "Ka tabbata? Ni ina ganin ba haka ba ne." Na sunkuyar da kai na ce, "Yadda malam ya gani shi ne daidai." Ya dube ni, ya yi rubutu, ya ce in tafi. Na fito ina ganin na nuna ladabin gidanmu. Da sakamako ya fito, na faɗi. Aka ce saura mini dama ɗaya, in na sake faɗuwa tikitin gida ne. Na yi ta tunanin jama'ar da suka rako ni tasha, da yadda zan sauka a gabansu da akwatin da na tafi da shi.

Alhamis ta bakwai Baffa bai buɗe littafi ba. Ya miƙo mini takarda da alƙalami ya ce, "Ya waladi, akwai mai komawa ƙasarku jibi. Rubuta wa mahaifinka, ni zan faɗa maka." Na rubuta sallama da gaisuwa. Ya ce, "Rubuta: na samu karatu a Madina. Na koyi cewa farillan alwala a mazhabarmu shida ne."

Alƙalamin ya tsaya. Mahaifina ne ya kama yatsuna ya ƙirga mini su ɗaya bayan ɗaya a bakin randa. Na hango shi ya buɗe wasiƙar nan a gaban almajiransa manya, yana karantawa.

Baffa ya ce, "Yalla, rubuta."

Na ce, "Ba zan iya ba."

"Don me?"

"Bakwai ne, Allah gafarta Malam. An bar cuccuɗawa."

Ya kama kunnensa ya ce, "Kunnen ya tsufa, ban ji ba." Na ƙara ɗaga murya. Ya ce, "To, ni ne na yi kuskure ke nan?"

Wannan tambayar ta fi jarrabawar mutumin Sham wuya. Na ce, "E, Baffa. Kai ne."

Yayye suka fashe da dariya, har mutumin Damagaram yana buga bango. Baffa ya ɗaga murya wajen labule ya ce, "A kawo akushi!" Ashe al'adar zauren ce, wanda ya gyara masa shi zai ci tuwo da shi a akushin da mahaifinsa ya zo da shi daga gida.

Ni kuwa ban ci ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ga an yi mako bakwai ana wasa da hankalina, an sa na karya wasiyyar mahaifina don mutane su yi dariya. Na tashi na ɗauki takalmina na fita, ko sallama ban yi ba. Alhamis ta zagayo ban je ba.

Ranar Juma'a da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinmu a masaukin ɗalibai. Na buɗe, ga Baffa cikin rana, da akushi a ƙunshe cikin mayafi a hammatarsa. Ya shigo ya zauna a bakin gadona ba tare da an ce ya zauna ba. Ya ce, "Tuwonka ne. Na wancan makon ya lalace, wannan sabo ne." Sannan ya ba ni labarin da ban taɓa jin ya ba kowa a zaure ba.

Ya ce mahaifinsa malami ne cikakke kafin ya baro gida. Da ya iso Madina ya zauna a da'irar karatu a Harami shekara da shekaru, a can baya, kansa a ƙasa. Bai taɓa tambaya ba, bai taɓa gyara ba. Ruwa yake ɗauka yana kai wa gidaje don ya ci abinci, kuma a haka aka san shi, Takari mai ruwa. Sai bayan rasuwarsa aka buɗe gafakarsa aka ga littattafai da sharhi a gefensu da rubutun hannunsa. Malamin da'irar ya karanta, ya yi kuka, ya ce da ya sani da shi ya zaunar a gaba.

"Ladabi ne ya binne ilimin ubana a Baƙi'a," in ji Baffa. "A garinku in ka yi shiru an san ɗan wane ne, an san abin da ke cikinka. A nan kai baƙo ne, kuma baƙi. In ka yi shiru ba wanda zai ce ladabi ne, cewa za a yi babu komai a kan. Mahaifinka ya ce kada muryarka ta hau ta malami. Halas, kada ta hau. Amma bai ce ka haɗiye ta ba."

Muka ci tuwon nan tare, ya yi sanyi, ina ci ina sharar ido. Kafin ya tafi ya tambaye ni ko gaskiya ne a Zariya akwai gidajen ƙasa masu bene.

Da na koma gaban mutumin Sham, ya sake cire tabarau, ya sake cewa yana ganin ba haka ba ne. Na ce, "Da izinin malam, haka ne," na kawo masa dalili. Ya mayar da tabaransa ya ce, "Ina ka ɓoye wannan bakin wancan karon?" Shekara goma sha biyu ke nan, har yau ina jami'ar, yanzu ina karatun dakta.

Ba kowa ne ya yarda da hanyar Baffa ba. Bai taɓa yin ta da aya ko hadisi ba, ko da wasa. Duk da haka wani abokin aikinsa ya ce masa ilimi ba abin ɗana tarko ba ne. Amma babbar mai adawa a cikin gidansa take. Duk shekara in sababbi sun zo, sai mun ji su shi da Inna ta bayan labule.

"Malam, rai ba a hannunka yake ba. In ka faɗi shida yau, gobe aka ɗauke ka fa? Me za ka ce?"

"Zan ce na bar yayye."

"Yayyen da ka ɗaure wa baki?"

"To zan ce niyya ita ce ta farko, kuma ita ban taɓa cire ta ba."

Inna ba ta taɓa yin dariyar wannan amsar ba. Ga shi abin da ta faɗa ya faru. Sababbin bana su goma sha ɗaya ne, sun ji shida daga bakinsa sau biyu, ya kwanta ranar Asabar, Litinin ya cika.

Ranar Laraba muka yi shawara a ƙarshen layin kujeru. Yayana mutumin Damagaram, wanda yanzu yake koyarwa a wata makaranta a nan garin, ya ce, "Tara su yau ka faɗa musu, a sauke wa mamaci nauyi. Ba a jinkiri da bashin kabari." Mutumin Kumasi ya ce, "In ka faɗa musu ka sauke masa kalma ɗaya, ka zubar masa da aikin shekara ashirin. Goma sha ɗayan nan mutumin Sham na jiran su." Dukansu gaskiya suka faɗa, abin da ya dame ni ke nan. Wanda ya kasa gyara wa rayayye, ina zai iya gyara wa wanda aka binne shekaranjiya? Na yanke cewa za a zauna ranar Alhamis kamar kullum. In aka kira magariba ba wanda ya yi magana, ni zan faɗa da bakina, ba za a kai wata Alhamis ba.

Suka zo bayan la'asar. Ban hau buzun Baffa ba, na zauna a gefensa. Na ce, "Marigayi ya tsaya a babin alwala. Ga abin da ya ce muku." Na ƙirga shida da yatsuna. Na ce, "Akwai mai magana?"

Kawuna goma sha ɗaya suka sauka kan tabarma. Na san tabarmar nan, na san kowane zare nata. Yayye a baya sun yi tsit. A bayan labule ko motsin cokali babu. Hasken da ke shigowa ta taga ya bar ƙasa ya fara hawa bango.

Na ciro takarda na ce, "Wannan shi ne karatunsa na ƙarshe. Za mu rubuta shi da sunansa a sama, mu ba iyalinsa su ajiye, jikokinsa su gani. Wa ke da rubutu mai kyau?" Aka nuna wani siriri mutumin Chadi, wanda tun zuwansa ban ji muryarsa ba sai a sallama. Ya karɓi alƙalami, ya rubuta bisimilla, ya rubuta sunan Baffa da addu'a. Na ce, "Rubuta: farillan alwala a mazhabar Malikiyya shida ne."

Ya ɗora alƙalamin a kan takarda. Ya ɗaga. Ya sake ɗorawa.

Da Hausarsa ta mutanen gabas ya ce, "Malam, kada a sa wannan a ƙarƙashin sunansa."

"Don me?"

"Bakwai ne. Ya manta cuccuɗawa." Ya ajiye alƙalamin ya ce, "Tun ranar farko na ji. Na ce ba ni zan kunyata tsoho ba. Da aka ce ya rasu, na ce wayyo, na bar shi ya tafi da ita. Tun Litinin abinci ba ya shiga mini."

Saura tambaya ɗaya, kuma ban so yin ta ba, amma Baffa bai taɓa tsallake ta ba. Na ce, "To, Baffa ne ya yi kuskure ke nan?"

Ya dubi buzun da ba kowa a kai. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "E. Allah Ya gafarta masa, shi ne."

Shekara ashirin a nan wurin ake fashewa da dariya. Ranar ba wanda ya yi. Mutumin Damagaram ya rufe fuskarsa da rawani. Ta bayan labule muka ji Inna ta sauke numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi." Kafin ladan ya ɗaga murya, akushi ya leƙo ta ƙarƙashin labule.

Na yi wa sababbin bayanin komai, suna kallona baki buɗe. Mutumin Chadi ya ƙi matsowa, ya ce shi bai isa ya ci a akushin marigayi ba. Babban ɗan Baffa ne ya taso daga bakin ƙofa, ya ɗauki akushin ya ajiye a gaban buzun mahaifinsa, ya kama hannun mutumin ya zaunar da shi. Shekara goma sha biyu ban taɓa jin Hausa a bakinsa ba. Ya ce, "Ci. Naka ne."

Takardar tana wurin Inna. An rubuta bakwai, da hannun mutumin Chadi, sunan Baffa a sama.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haɗa shi da mahaifinsa mai ruwa a inda ba a zaunar da kowa a baya. Ya bar mu da shida a baki, amma kafin magaribar Alhamis mun aika masa da ta bakwai.